Zabirar da Ta Zama Kasafin Kuɗi

Kalmar bajet da 'yan siyasa ke yawan ambata a ƙarshen shekara, asalinta sunan jaka ne. Faransawan dauri suna kiran 'yar jakar fatar da matafiyi ke ratayawa bougette, kusan abin da Bahaushe zai ce zabira. Turawan Ingila suka aro sunan, suka lanƙwasa shi daidai bakinsu.

Zambo ne ya fito da kalmar fili a harkar mulki. Tun 1689 doka ta hana sarkin Ingila ɗora haraji sai da yardar majalisa, don haka dole mai riƙe da baitulmali ya zo ya yi wa wakilai bayani. A 1733 Robert Walpole, wanda ake ɗauka firaministan Birtaniya na farko, ya zo da sabon tsarin karɓar haraji a kan taba da giyar inabi. Sai 'yan adawa suka buga ƙasida, suka mai da shi ɗan magori, wai ya kwance jakarsa a tsakiyar kasuwa yana tallar maganin bogi. Gari ya ɗauki zafi, ala tilas ya janye shirin. Sunan kuwa ya zauna daram.

Daga baya jaka ta koma akwati. Wajen 1860 aka ƙera wa William Gladstone, mai riƙe da baitulmali a lokacin, wani ɗan akwatin katako, aka lulluɓe shi da jar fata. Shi ne mutumin da ya shafe awa 4 da minti 45 yana jawabin kasafi a 1853, kuma har yau ba a sami wanda ya kamo shi ba (a tausaya wa masu sauraro). Magadansa suka riƙa ɗaga akwatin a ƙofar gidan mai riƙe da baitulmali, mai lamba 11 a titin Downing, 'yan jarida na ɗaukar hoto.

Abin da ke ciki kuwa sirri ne, ba a wasa da shi. A Nuwamban 1947 mai riƙe da baitulmali Hugh Dalton, yana kan hanyar shiga zauren majalisa don jawabin kasafi, ya tsegunta wa wani ɗan jarida kaɗan daga cikin sauye-sauyen haraji. Jaridar maraice ta buga tun bai kai wurin a jawabinsa ba. Kashegari ya ajiye aiki.

Akwatin Gladstone ya tsufa, fatarsa duk ta ƙoƙe. A cikin magadansa, George Osborne ne ya ɗaga shi na ƙarshe, a Yunin 2010.