Ma'ajiyar tarayya: yadda kwamfutoci da yawa ke aiki da ƙwaƙwalwa ɗaya

Ma'ajiyar tarayya mai rarrabe, wadda ake kira mémoire partagée distribuée da Faransanci, dabara ce ta haɗa kwamfutoci da yawa su yi babban lissafi tare. Kowace na'ura tana da tata ma'ajiyar, wato RAM, amma manhaja kan sa mai rubuta shiri ya ga kamar ma'ajiya ɗaya ce kowa ke amfani da ita.

Asalinta

Kai Li ne ya gina tsari na farko da ya yi fice, mai suna IVY, a aikinsa na digirin digirgir a Jami'ar Yale ta Amurka a 1986. A 1994 Jami'ar Rice da ke Houston ta fito da TreadMarks. A Faransa kuma, masu bincike na INRIA a birnin Rennes sun yi amfani da dabarar a tsarinsu na Kerrighed.

Yadda take aiki

Ana yanka ma'ajiyar gunduwa-gunduwa, kowane yanki ana kiransa shafi, galibi mai girman bayit 4096. Idan na'ura ta nemi shafin da ba ya wurinta, sai manhaja ta ɗauko mata kwafinsa daga wata na'urar ta hanyar sadarwa. Na'urori da yawa za su iya karanta shafi ɗaya a lokaci guda. Amma a tsarin IVY, wadda za ta yi rubutu a kai sai ta fara soke kwafin sauran, don kada wata ta yi lissafi da tsohon bayani.

Inda matsala take

Ɗauko bayani daga wata na'ura ya fi karanta shi daga RAM jinkiri nesa ba kusa ba. Wani lokaci na'urori biyu kan riƙa rubutu a wurare daban na shafi ɗaya, sai shafin ya yi ta kai da komo tsakaninsu, aikin kuma ya tsaya cik. TreadMarks ta rage wannan ta hanyar barin kowace ta rubuta a kwafinta, sannan a aika canje-canjen kaɗai lokacin da ake buƙatarsu.

Duk da haka, yawancin manyan kwamfutocin hasashen yanayi da binciken kimiyya sun fi dogara da MPI, ƙa'idar da aka fitar a 1994, inda mai rubuta shiri ke tsara aika saƙonni da kansa. Hakan ya fi wahalar rubutawa, amma ya fi sauri idan na'urori sun kai dubbai.