Gwajin Ƙanjamau Da Ɗaliban New York

A watan Maris na 1985 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da gwajin jini na farko mai gano alamar ƙwayar HIV. Lokacin ƙanjamau ta kusa shekara huɗu tana ɗibar rayuka a birnin New York, amma ba a yi rububin zuwa gwaji ba. Magani babu, kuma wanda aka ji yana ɗauke da ita yana iya rasa aiki ko gidan haya. Ɗalibi kuwa fargabarsa kada labari ya kai kunnen iyaye ko hukumar makaranta.

A cikin wannan hali aka kafa shirin GHAP a Jami'ar Columbia a shekarar ta 1985, inda ake horar da ɗalibai su zauna da 'yan'uwansu ɗalibai, su saurare su, su ba su shawara. A ganina wannan zaman shi ne ginshiƙin aikin. A wancan zamani sai mutum ya jira mako ɗaya ko biyu kafin sakamako ya fito, kuma da yawa ba sa komawa karɓa. Wanda ya samu tsaransa ya buɗe masa ciki ya fi samun ƙarfin zuciyar dawowa.

A 1988 jihar New York ta yi dokar da ta hana bayyana sakamakon mutum barkatai, ta kuma wajabta sa hannunsa kafin a gwada shi. Sai a 1990 wani bincike da aka yi a jami'o'i 19 na Amurka ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin 500 yana ɗauke da ƙwayar. Daga nan babu jami'ar da za ta ce abin bai shafe ta ba.

Magunguna masu ƙarfi sun bayyana a 1996. A 2002 aka amince da gwajin OraQuick, mai ba da sakamako cikin minti 20, jiran makonni ya ƙare. A 2010 doka ta tilasta wa asibitocin jihar su yi wa duk mai shekara 13 zuwa 64 tayin gwaji, a 2014 kuma aka soke sharaɗin sa hannu.

Ɗaliban da suka zo daga ƙasashenmu na Afirka suna da wani nauyin daban. Tun 1987 Amurka ta hana masu HIV shiga ƙasar, don haka baƙo yakan ɗauki gwaji a matsayin barazana ga takardun zamansa, ga kuma kunyar a ji a gida. Ba a ɗage hanin ba sai a watan Janairu na 2010. A tsawon shekarun nan ƙungiyar African Services Committee da ke Harlem, wadda 'yan gudun hijirar Habasha suka kafa a 1981, ta zama matattarar 'yan Afirka masu neman gwaji da shawara a asirce.