Tsarin koyon sana'a na wuri biyu a Jamus

Tsarin koyon sana'a na wuri biyu (da Jamusanci: Duale Ausbildung) shi ne babbar hanyar da ƙasar Jamus take bi wajen horar da matasa sana'o'i. Ana kiransa da wannan suna ne domin ɗan koyo yana raba makonsa tsakanin wurare biyu: kwana uku ko huɗu a kamfani ko shagon da ya ɗauke shi, kwana ɗaya ko biyu kuma a makarantar sana'a ta gwamnati. Horon yana ɗaukar shekara 2 zuwa 3 da rabi, ana biyan ɗan koyo alawus duk wata, sannan ya ƙare da jarrabawar da ake karɓar takardar shaidarta a duk faɗin ƙasar. Akwai sana'o'i sama da 320 da hukuma ta amince da su a tsarin, tun daga kafinta, birkila da mai gasa burodi har zuwa ma'aikacin banki da masanin kwamfuta. Ƙasashen Ostiriya, Suwizalan da Danmak ma suna da tsari mai kama da wannan.

Tarihi

Tushen tsarin yana cikin ƙungiyoyin masu sana'ar hannu na biranen Jamus na tsakiyar zamanai, inda yaro yakan zauna a gidan maigidansa ya koyi aiki, ya zama ƙwararre, daga bisani ya zama gwani mai shagon kansa. Dokar kasuwanci ta 1869 ta raunana ikon waɗannan ƙungiyoyi, amma dokar 1897 ta kafa cibiyoyin masu sana'ar hannu ta damƙa musu kula da 'yan koyo. Daga 1908 kuma aka taƙaita ɗaukar ɗan koyo a sana'ar hannu ga wanda ya ci jarrabawar gwani, wato Meister.

Ɓangaren makaranta ya biyo baya ne. Georg Kerschensteiner, shugaban harkar ilimi na birnin Munich, ya sake tsara makarantun ci gaba na birnin daga wajen 1900, ya mai da kowane aji na wata sana'a guda. Dokar 1938 ta wajabta zuwa makarantar sana'a a duk ƙasar. Amma sai a 1969 Jamus ta Yamma ta yi dokar da ta haɗa komai wuri guda, wato Dokar Horon Sana'a, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Satumba na shekarar. An yi mata manyan gyare-gyare a 2005 da 2020. Bayan haɗewar ƙasar a 1990 dokar ta shafi jihohin gabas.

Rabon aiki

Abin da ya bambanta tsarin Jamus da na ƙasashe da yawa shi ne gwamnati ba ita kaɗai take riƙe da shi ba. Gwamnatin tarayya tana fitar da ƙa'idar horo ta kowace sana'a, wadda ke fayyace sunan sana'ar, tsawon horon, abin da dole a koya a wurin aiki, da abin da jarrabawa za ta ƙunsa. Jihohi 16 su ne masu makarantun sana'a, su ke biyan malamai. Kamfanoni su ke zaɓar 'yan koyo, su biya su alawus, su ba da kayan aiki da masu horarwa. Cibiyoyin ciniki da masana'antu guda 79 da cibiyoyin masu sana'ar hannu guda 53 su ke rajistar kowace yarjejeniyar horo, su duba ko kamfani ya cancanci ɗaukar ɗan koyo, su kuma shirya jarrabawa. Shiga waɗannan cibiyoyi wajibi ne ga kamfanoni bisa doka, kuma wannan ne ya ba su kuɗi da ƙarfin da za su yi aikin.

Ita kanta ƙa'idar horo ba a ofishin minista ake rubuta ta ba. Masana daga ƙungiyoyin masu kamfanoni da na ƙwadago ne suke zama su tsara ta a ƙarƙashin Hukumar Tarayya ta Horon Sana'a, BIBB, wadda aka kafa a 1970 kuma take birnin Bonn tun 1999. A al'ada ba a fitar da sabuwar ƙa'ida sai ɓangarorin biyu sun amince. Kowannensu yana da abin da yake karewa: masu kamfani suna son ma'aikacin da zai amfane su nan take, 'yan ƙwadago kuwa suna son horon ya yi faɗi yadda matashi zai iya barin kamfanin ya sami aiki a wani. Wannan ja-in-ja ne ya hana horon komawa koyon injin kamfani ɗaya kawai. Haka ma a kwamitin jarrabawa, wakilan masu kamfani da na ma'aikata adadinsu ɗaya ne, tare da aƙalla malamin makaranta guda.

Matsayin ɗan koyo

Doka ba ta sharɗanta wata takardar makaranta kafin shiga ba. Abin da ake buƙata shi ne a sami kamfanin da zai sa hannu a yarjejeniya. A aikace dai bankuna da kamfanonin fasahar kwamfuta sun fi ɗaukar waɗanda suka gama babbar sakandare. Ana fara horon da lokacin gwaji na wata 1 zuwa 4, bayan haka kamfani ba ya iya korar ɗan koyo sai da babban dalili. An haramta sa shi aikin da bai shafi sana'arsa ba, kuma dole a sake shi ya je makaranta ba tare da an yanke masa alawus ba.

Gyaran 2020 ya kawo mafi ƙarancin alawus a karon farko: Yuro 515 a wata a shekarar farko, wanda ya kai Yuro 649 ga waɗanda suka fara a 2024. Inda akwai yarjejeniyar ƙwadago, matsakaicin alawus ya haura Yuro 1,000, sai dai akwai tazara mai yawa tsakanin masana'antun ƙarfe da sana'a irin ta gyaran gashi. Kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka kammala, kamfanin da ya horar da su ne yake riƙe su aiki. Nan ribar kamfani take: ya shekara uku yana gwada mutum kafin ya ba shi aikin dindindin. Ƙananan shaguna da ba su da dukkan injinan da ƙa'ida ta tanada sukan tura 'yan koyonsu cibiyoyin horo na haɗin gwiwa na wasu makonni.

Aikin jinya da renon yara ba sa ƙarƙashin wannan doka, suna da nasu dokokin daban.

Sana'o'in gobe

Hanyar da Jamus ta fi bi wajen fuskantar sauyin fasaha ita ce gyara sana'ar da ake da ita maimakon ƙirƙiro sabuwa. Misalin da ya fi bayyana shi ne na gyaran mota. A 2003 an haɗa makanikin mota da mai gyaran wayar mota suka zama sana'a ɗaya, domin motar zamani ba ta rabuwa gida biyu. A 2013 aka ƙara mata fannin aiki da wutar lantarki mai ƙarfi saboda motoci masu batir. Sababbin sana'o'i ma sukan fito lokaci-lokaci: na fasahar kwamfuta a 1997, mai haɗa aikin inji da lantarki a 1998, da ɗan kasuwar intanet a 2018. Daga Agustan 2021, duk ƙa'idar da aka sabunta dole ta ƙunshi aiki da na'urorin dijital da kare muhalli, ko da sana'ar ta mahauta ce.

Gyaran 2020 ya kuma ba takardun ci gaba irin na Meister sababbin laƙabobi masu kama da na digirin jami'a, don a nuna cewa hanyar sana'a ba ta ƙasa da ta jami'a. Ga ma'aikatan da suka riga suka girma a aiki, dokar 2019 ta faɗaɗa tallafin gwamnati ga waɗanda fasaha ke barazana ga aikinsu su sake horo.

Matsaloli

Raunin tsarin daga ƙarfinsa ya fito. Tunda kamfanoni ne ke buɗe gurabe, yawan guraben yana bin yanayin kasuwa, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na kamfanonin ƙasar ne kawai suke horarwa. Sababbin yarjejeniyoyi sun sauko daga sama da 600,000 a 2007 zuwa kimanin 467,000 a 2020, lokacin annobar korona, sannan suka ɗan farfaɗo zuwa kimanin 489,000 a 2023. Raguwar haihuwa da son zuwa jami'a sun taimaka: a 2013 masu shiga manyan makarantu sun zarce masu fara horon wuri biyu a karon farko.

Abin da ya fi damun masu tsara manufa shi ne gurabe suna zaune babu kowa, matasa kuma suna zaune babu gurbi. A 2023 gurabe sama da 73,000 ba su sami masu cike su ba, musamman a gidajen abinci, mahauta da gine-gine, alhali a 2022 mutane kimanin miliyan 2.9 masu shekara 20 zuwa 34 ba su da wata takardar sana'a ko ta jami'a. Waɗanda suka fita makaranta da sakamako mai rauni da 'ya'yan baƙi su ne suka fi shan wahalar samun kamfani. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na yarjejeniyoyi kuma ana warware su kafin wa'adi, ko da yake da yawa daga cikin waɗannan matasa kamfani kawai suke canzawa.

Dokar 2023 ta kawo abin da ake kira lamunin horo, wanda ya fara aiki a 2024: matashin da ya nema bai samu ba, a yankin da gurabe suka yi ƙaranci, yana da haƙƙin samun horo a wata cibiya da kuɗin gwamnati. Jihar Bremen kuma ta yi doka a 2023 ta kafa asusun da kamfanoni ke zuba kuɗi a ciki don a tallafa wa masu horarwa, irin abin da masana'antar gine-gine ta daɗe tana yi. Ƙungiyoyin masu kamfanoni sun yi adawa da matakin.

A wasu ƙasashe

Bayan rikicin kuɗi na Turai, lokacin da rashin aikin matasa ya yi tsanani a kudancin nahiyar, Jamus ta sa hannu a yarjejeniya a Disamban 2012 da Sifen, Girka, Fotugal, Italiya, Sulobakiya da Latbiya don taimaka musu gina irin wannan tsari. Gina makarantu da rubuta manhaja bai zama matsala ba. Abin da ya yi wuyar kwafa shi ne cibiyoyin da doka ta ba ikon jarrabawa, ƙungiyoyin ƙwadago da ke zama teburi ɗaya da masu kamfani, da kamfanonin da suka yarda su biya wanda bai iya aiki ba tukuna. A yawancin wuraren da aka gwada, tsarin ya tsaya ne a ƙananan shirye-shirye, galibi kusa da masana'antun kamfanonin Jamus irin su Volkswagen, Siemens da Bosch.