Majigin Turawa da Asalin Fim a Gana

A shekarar 1939 gwamnatin Ingila ta kafa Colonial Film Unit domin shirya wa talakawan ƙasashen da take mulka finafinai. Jagoranta, William Sellers, tsohon jami'in lafiya a Najeriya, ya ɗauka 'yan Afirka ba za su gane hoto mai saurin sauyawa ba. Saboda haka salonta ya zama tafiyar hawainiya: kyamara a kafe, darasi guda, ga mai hankali ga wawa. Motocin majigi suka riƙa kai finafinan ƙauyuka har arewacin Gana, tafinta yana fassarawa. Makarantar da ta buɗe a Accra a 1948 ta horar da ma'aikatan Gold Coast Film Unit, wadda ta fitar da The Boy Kumasenu a 1952. Karɓuwar wannan dogon labari wurin 'yan kallo ta ƙaryata zaton Sellers.