Injunan da suka tsufa a cikin akwati

A shekarar 1982 aka fara aiwatar da tsarin karatu na 6-3-3-4 a Najeriya, bayan manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta share masa fage. Niyyar kam mai kyau ce: yaro ya kammala shekara uku na ƙaramar sakandare hannunsa ya saba da zarto da guduma da wayar lantarki, ko ya ci gaba da boko ko ya kama sana'a. Aka shigo da darasin share fagen fasaha, aka kuma dunƙule ilimin halittu da sinadarai da fiziks suka zama darasi guda.

Gwamnati ba ta yi rowa ba wajen saye. An yi odar injuna daga gabashin Turai, irin su Bulgeriya da Hungari da Cekoslobakiya. Sai dai an sayi sirdi ne ba a tanadi doki ba. Kaya suka iso makarantun da ba su da ɗakin aiki, wasu ko turken NEPA babu a garin. Shugaban makaranta ya sa hannu ya karɓa, ya tura akwatuna sito ko ƙarƙashin baranda, ruwan damina ya yi ta dukansu, gara ta cinye katakon, tsatsa ta kama ƙarfen. Inda aka yi sa'a aka buɗe, malamin da aka ɗanka wa darasin sau da yawa bai taɓa kunna irin injin ba, kuma yana tsoron ya lalace a cire a albashinsa. Wa zai ga laifinsa?

Daga 1986 kuma tsarin tsuke bakin aljihu na zamanin Babangida ya karya darajar naira, kayan gyara suka gagara, ƙwararrun malamai suka nemi wata hanyar abinci.

Abin da ya biyo baya galibi sauyin suna ne. Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004. Hukumar tsara manhajar karatu ta NERDC ta sake manhaja, daga baya ta tara kimiyya da fasaha da kwamfuta da wasannin motsa jiki ƙarƙashin inuwa ɗaya. A takarda darussa sun ragu. A aji kuwa, a wasu makarantu malami guda aka ɗora wa duka. Kuɗin da UBEC, hukumar da ke kula da shirin UBE, ke warewa ma yakan yi ta zama a asusu, saboda jihohi da dama ba sa kawo nasu kason.

Har yau a makarantu da yawa kimiyya abar kwafa ce daga allo. Malam zai zana madubin ƙara girman abu da alli, yara su yi cincirindo a aji, wasu a ƙasa, su haddace sunayen sassansa cikin Turancin da bai zauna musu ba. Kano ta nuna tun 1977, da makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, cewa in aka haɗa malami da ɗakin gwaji ana samun likitoci da injiniyoyi. Amma waɗannan sai yaro ya ci jarrabawa suke ɗaukarsa, kuma a ƙaramar sakandare yake shirya mata.