Gidan kallo a karkarar Kano: Ɗaki, sauti da kayan aiki

A garuruwan da ke arewa da birnin Kano, irin su Dawakin Tofa da Minjibir da Bichi da Ɗambatta, gidan kallo shi ne silimar talaka.

Galibi rumfa ce ko ɗaki mai rufin kwano, da jerin bencina, da akwatin talabijin ɗaya ko biyu, da kwanon tauraron ɗan Adam a sama, sai janareta yana ruri a waje. Mutum ya biya ɗan kuɗi a ƙofa, ya shiga ya kalli ƙwallon Turai ko fim.

Mai gidan kallo kan zuba jarinsa ne a kan allo da lasifika, shi kuwa ɗakin a bar shi yadda magini ya bar shi. Daga nan ne akasarin koken 'yan kallo ke tasowa, cewa ana jin ƙara amma ba a gane magana.

Yankin kansa yana da tasa siga. Masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya fara nazari a kewayen Kano a shekarun 1960, ya bayyana shi a matsayin karkara mai cunkoson jama'a, inda ake noma kusan kowane taƙi na ƙasa duk shekara. Gona na jingine da gona, gida na jingine da gida. Saboda haka duk ƙarar da ta fita daga gidan kallo, a tsakar gidan wani za ta sauka.

Daga majigi zuwa dikoda

Mutanen karkara sun fara ganin hoto mai motsi ne ta hanyar majigi, wato motar silima da gwamnatin mulkin mallaka ke yawo da ita gari-gari tana haska fina-finan wayar da kai, irin su Baban Larai, a filin ƙofar gidan hakimi.

A birni kuma an buɗe silimar Rex a Kano a 1937. Fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka fi ambata, Turmin Danya, ya fito a 1990, kuma a 1995 kamfanin MultiChoice ya ƙaddamar da DStv.

Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar a 2000, gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, wadda gidajen kallo ke ƙarƙashin kulawarta.

Daga baya wayar hannu ta kwashe kaso mai yawa na masu kallon fim, domin yanzu ana tura wa mutum fim a wayarsa ya kalla a ɗakinsa. Ƙwallon ƙafa ce ta riƙe sana'ar.

Abin da ke cinye magana

Sauti na tafiya a iska da gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa. Idan ya bugi abu mai tauri da santsi, kamar daɓen siminti ko filasta ko kwano, kusan dukkansa yake dawowa, ya sake bugun wani bangon, ya yi ta kai da komowa kafin ya mutu. Wannan ita ce amsa-kuwwa.

Mai sharhin ƙwallo na furta gaɓa huɗu ko biyar a daƙiƙa ɗaya, fiye da haka ma idan an doshi raga. In ɗaki na riƙe sauti na daƙiƙa biyu, kowace sabuwar kalma a kan gawar kalmomin da suka gabace ta take faɗawa.

Wanda ya fara auna wannan al'amari shi ne Wallace Sabine, malamin kimiyya a Jami'ar Harvard ta Amurka. A 1895 aka ɗora masa gyaran wani zauren lacca da ba a jin maganar malamai a cikinsa. Ya yi ta aro matasan kujeru daga wani zauren da dare, yana shimfiɗa su yana auna lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya ɓace, har ya fitar da lissafin da injiniyoyi ke amfani da shi har yau.

A ɗauki misalin ɗaki mai tsawon mita 10, da faɗin mita 6, da tsayin mita 3, an daɓe shi da siminti, an yi masa filasta, an rufa da kwano. Bisa lissafin Sabine, idan babu kowa a ciki, sauti zai daɗe fiye da daƙiƙa biyu da rabi. Ɗakin da ake son a fahimci magana a cikinsa kuwa, kamata ya yi ya tsaya ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

Abin sha'awa shi ne jikin mutum da tufafinsa na shan sauti sosai. Idan mutum 20 suka shiga wannan ɗaki, lokacin zai sauko zuwa kusan daƙiƙa ɗaya da rabi. Idan suka kai 60, zai dawo wajen kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa.

Shi ya sa ranar da Manchester United ke karawa da Arsenal, ɗaki ya cika maƙil, ake jin sharhi tangaran, ranar ƙaramin wasa kuma a ɗauka lasifikar ce ta lalace. Da yawa sun sayi sabuwar lasifika a kan wannan kuskure.

Gwajin ba ya bukatar na'ura. Mutum ya tsaya a tsakiyar ɗakin babu kowa, ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Idan ya ji tafin na karkarwa kamar an kaɗa tsirkiya, bangwaye biyu masu fuskantar juna ne ke jefa wa juna sautin.

Maganin kuwa yana nan a kasuwar ƙauye. Tabarmar kaba da asabari da zana, da tsofaffin barguna, da labule mai kauri wanda aka tattara shi ninki-ninki, duk suna shan sauti. A ƙiyasce, idan aka rufe kimanin murabba'in mita 40 na wancan ɗaki da irin waɗannan, ko mutum 20 ne kawai a ciki lokacin zai faɗo ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

Kada a manna su a jikin bango. A rataya su da tazarar santimita 5 zuwa 10, domin iskar da ke bayansu na taimaka musu wajen kama sauti mai kauri.

Bangon baya, wanda lasifika ke fuskanta, shi ne farkon abin rufewa. A ɗaki mai mita 10, sautin da ya je can ya dawo ya yi tafiyar mita 20, ke nan zai iso kunnen na sahun gaba a makare har ya ji shi kamar murya ta biyu. Bayan shi sai ɗaya daga cikin bangwayen gefe, sannan sama.

Kiret ɗin ƙwai da wasu ke jerawa a bango ba ya wani tasiri. Sirara ne, kamanninsa ne kawai ke yaudarar ido.

Shan sauti dabam, tare shi dabam

Nan ne ake yawan ruɗewa. Tabarma na gyara abin da na ciki ke ji, amma ba ta hana ƙara fita. Abin da ke tare ƙara shi ne nauyin bango da toshe kafofi. A ƙa'ida, duk lokacin da aka ninka nauyin bango, ƙarar da ke ratsa shi na raguwa da kusan desibel 6.

A nan ginin ƙasa na gargajiya ya yi wa kwano fintinkau. Katangar tubali mai kauri na tare ƙara, tana tare zafi, kuma da yake fuskarta ba sumul take ba, tana warwatsa sauti. Cikas ɗin soro shi ne azara ba ta ƙetare fili mai faɗi sai da ginshiƙi ko ɗaurin guga, ginshiƙi kuwa na tare wa na baya allo. Mafita ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce bangon ƙasa ko na bulo, da rufin kwano, da silin a ƙarƙashinsa.

Silin ɗin na da wani amfanin. Gasar Firimiya ta Ingila na farawa ne a watan Agusta, watan da ruwan sama ya fi ƙarfi a Kano, kuma duk wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin kwano tsirara ana marka ya san ba a jin ko maganar na kusa.

Wasannin Zakarun Turai na dare kan fara da ƙarfe 8 ko 9 agogon Najeriya, su ƙare wajen 10 ko 11. Ƙofa da tagogi su kalli fili ko hanya, kada su kalli gidajen aure, ko masallaci, ko makarantar allo.

Lasifika

Manyan lasifikun gidan biki, masu dukan ƙirji, ba na gidan kallo ba ne. Sauti mai kauri shi ya fi cin wuta, shi ya fi ratsa bango, kuma ba a cikinsa ma'anar magana take ba.

Matsakaita guda biyu, ko huɗu idan ɗakin dogo ne, sun wadatar. A ɗaga su sama da kawunan mutane, wajen mita 2, a sunkuyar da su su kalli bencina. Kada a cusa su a kusurwa, domin kusurwa na ƙara musu gunji. A kuma lura da jar waya da baƙa, domin idan aka juya na lasifika ɗaya, sai su riƙa soke wa juna sauti.

Tsarin lasifika shida da ake tallatawa da sunan silimar gida an yi shi ne domin mutum biyu ko uku a kan kujera ɗaya. A ɗakin mutum 60, gara kowace lasifika ta fitar da murya iri ɗaya.

Ninka ƙarfin amfilifaya desibel 3 kawai yake ƙarawa. Kunne kuma na da iyaka. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke bi shi ne desibel 85 na tsawon sa'o'i 8, a desibel 100 kuwa minti 15 ne kacal. Mai karɓar kuɗi da ke wuni kusa da lasifika shi ya fi kowa shiga haɗari.

Allo

Masu haɗa irin waɗannan kaya na da ƙa'idar cewa na sahun ƙarshe kada ya wuce ninki takwas na tsayin allo. Talabijin mai inci 55 tsayin fuskarsa kimanin santimita 68 ne, ke nan iyakarsa mita biyar da rabi. A ɗaki mai mita 10, ko dai a rataya na biyu a tsakiya, ko a koma ga majigin zamani mai haska inci 100.

Majigi na son duhu, duhu na son a rufe tagogi, a watan Afrilu kuwa zafin Kano na kaiwa digiri 40. Ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe masa hanyar iska. Talabijin biyu sun fi sauƙin riƙo a karkara.

Duk abin da za a saya, a Sabon Gari ne ko a Titin Beirut, a sa a kunna shi a gaban mai kaya.

Kwanon DStv a Najeriya na kallon tauraron da ke digiri 36 gabas, wato daga Kano gabas ne da ɗan karkata kudu. A duba kada reshen ɗorawa ko tsamiya ya gitta, musamman da yake ganye na ƙaruwa da damina.

Wuta

Talabijin biyu, da dikoda biyu, da amfilifaya, da fankoki huɗu da 'yan fitilu na cin wajen wat 600. A sa'o'i shida, wato wasanni uku na ranar Asabar, ya haura kilowat-awa uku da rabi.

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lissafin janareta ya sauya, hankali ya karkata ga sola. Sai dai batirin dalma mai bolt 12 da amfiya-awa 200, rabin abin da ke cikinsa kawai ya kamata a sha idan ana son ya daɗe, wato kilowat-awa 1.2. Ke nan ana bukatar uku ko huɗu. Fankoki ne ke cin kusan rabin wutar, don haka sauya su da masu ƙarancin ci na rage batiri guda.

Shi janareta, hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba marar wari. Hukumomin lafiya a Amurka na ba da shawarar a ajiye shi aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga.

Ƙofar fita

A ranar 13 ga Mayun 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya a Kano, inda mutum 331 suka rasu. A Fabrairun 2003 kuma, soso da aka manna a bango domin sauti ya kama wuta a wani gidan rawa a jihar Rod Ailan ta Amurka, mutum 100 suka mutu.

Zana da tabarma da labule ma makamashi ne. A nisanta su da soket da fitila, a zura wayoyi cikin bututu, kuma kada a yi amfani da soson katifa ko kaɗan.

A Afrilun 2017 babbar wayar lantarki ta faɗo kan wani gidan kallo a Kalaba ana tsakar wasan Manchester United da Anderlecht, aƙalla mutum 7 suka rasa rayukansu. Ba a kafa rumfar kwano a ƙarƙashin layin wuta.

Yawancin masu gidan kallo ƙofa ɗaya suke bari, saboda kada wani ya shiga bai biya ba. Ɗakin da ke ɗaukar mutum 60 na bukatar ƙofa ta biyu a ɗaya ɓangaren, mai buɗewa waje, wadda ba a sa mata kwaɗo muddin akwai mutane a ciki.