MAƘALAR MAKO: Keke da Makullinsa, Daga Zamanin Rali Zuwa Yau



Kafin babur ya cika hanyoyin Kunci, Bici da Tsanyawa, keke ne dukiyar magidanci. Shi ke kai taki gona, ya kai buhun gero kasuwa, ya kai mara lafiya asibiti. Sarkin kekunan wancan zamani shi ne Rali, wato Raleigh, ƙirar birnin Nottingham na Ingila. Karɓuwarsa a Arewa ta sa kamfanin ya kafa masana'anta a Bompai, cikin Kano.

Abu mai daraja ba ya rasa ɓarawo. A zamanin En'e mai keke yakan yanki lasisi, a ba shi 'yar lamba ya maƙala. Haraji ne, amma ya zama shaida. Akwai kuma lambar da masana'anta ke bugawa a jikin ƙarfen keken, wadda mai hankali kan rubuta ya adana tare da rasit, domin ko an sauya fenti lambar tana nan.

Makullin da aka fi sabawa da shi shi ne na zobe, wanda ke ɗaure a saman tayar baya. Idan aka danna shi, ƙarfe ya ratsa tsakanin wayoyin taya, ba ta juyawa. Rauninsa ɗaya ne: yana hana a hau, ba ya hana a ɗauka. Ɓarawo sai ya ɗaga bayan keken ya tura shi kan tayar gaba, ya saje da cinkoson kasuwa. Shi ya sa masu lura suka ƙara da sarƙa da kwaɗo, su zarga ta jikin keken da tayar baya, su ɗaure a jikin bishiya ko turken rumfa. Wanda ya ɗaure tayar gaba kaɗai, taya zai tarar.

Bayan karyewar darajar naira a 1986, kekunan Sin da Indiya irin su Phoenix da Hero suka mamaye kasuwa saboda arha. Da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, mutane da dama suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu, tsohuwar fargabar nan ta ƙofar masallaci da bakin kasuwa ta dawo.

Marubuci, idan tauraron labarinka manomin Kunci ne, kada ka ce kawai "an sace masa keke". Nuna mana inda ya jingine shi, irin makullin da ya sa, da buhu nawa ya sayar kafin ya mallake shi. A nan mai karatu zai ji zafin asarar.

Allah ya tsare mana dukiyarmu.